Dami Goma Sha Biyu a Ɗakin Kayan Shaida

An ce in tsaya gabanku in yi muku bayanin aikin nan kafin ku fita zagayenku na farko. Na roƙi a bar ni in rubuta. Tun ina lakwal, makarantar boko, haka nake: in aka tada ni a aji sai murya ta maƙale, in kuwa aka ba ni kaye, littafin rubutu, da bik, abin rubutawa, sai in cika shi har bangon baya. Wanda ya gaji da karatu ya miƙa wa na kusa da shi.

Jiya a bakin ƙofa na ji ɗayanku yana cewa aikin ansifekta ai zaman mota ne da ƙirge, duk wanda ya iya lissafin firamare ya iya shi. Shekara ashirin da shida ke nan ina zagaya Tasawa da Mayahi da garuruwan da ke ƙarƙashinsu, ina duba kuɗin gidajen shari'a da kayan gwamnati, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Ƙirge akwai shi. Motar ce ba kullum ba. Na shiga Korgom a kan amalanken jaki da takardar aiki mai hatimin jiha a aljihu, na fita Gidan Amumune a bayan kabu-kabu ni da buhun albasar wani.

Abin da ke cikin jakata bai taka kara ya karya ba. Jan bik guda biyu, don ɗaya yakan ƙare a ranar da aka fi bukatarsa. Tocila, saboda ban taɓa ganin magaza, wato ɗakin ajiya, mai taga ba. Gilashin ƙara girman rubutu. Ƙarfen soka buhu, mai rami a tsakiya, wanda ke fito maka da abin da ke cikin buhu ba abin da ke bakinsa ba. Ƙyallen toshe hanci. Goran ruwa. Sai alli.

Allin nan Mushe Lawali ne ya koya mini shi, wanda na yi shekara huɗu ina riƙe masa jaka. Mushe dai kamar Malam ne a bakin ƴan boko na nan. A fitarmu ta farko mun je wata ma'aikatar magajin gari duba kayan da aka saya wa ɗakin taro. Littafi ya ce banci arba'in. Na ƙirga, arba'in cif, na rubuta da kyakkyawan rubutu. Mushe Lawali bai duba rubutuna ba. Ya durƙusa da babbar rigarsa yana bin bancin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiga musu alli a ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Kwana biyu bayan nan muka isa wani gari, nisan rabin wuni. Nan ma littafi ya ce banci arba'in, nan ma arba'in muka tarar. Ya ce in leƙa ƙarƙashi. Goma sha takwas na ɗauke da allinmu. Sun riga mu isowa.

“Mi ka gani?” in ji shi.

Na ce na ga sata.

Ya ce, “A'a. Alli ka gani. Rubuta alli. Sata alƙali ka faɗinta, ba kai ba.”

Dokarsa ke nan, ita nake bi har yau. Ka rubuta abin da idonka ya gani, duka, har wanda ba ka so ka gani ba. Abin da ba ka gani ba ka bar wurinsa fili.

Mutanen da za ku je dubawa ba maƙiyanku ba ne, ba kuma abokanku ba. Za su tarye ku da fara'a, za a yanka zabo. Kada ku ci kafin ku ƙirga, in kun ƙirga kuma mai yiwuwa ba za a sake yi muku tayi ba, shi ya sa na ce goran ruwa. A gidan shari'a mutum biyu ne naku. Na farko magatakarda, wanda ake ce wa Metir, shi ke riƙe da littafin kitansi, wato rasit, na tara da kuɗin takardu. Wannan aikin tebur ne: ka bi lamba bayan lamba, ka ɗaga kowane shafi sama ka ga ko abin da ke kan kwafin shi ne aka rubuta a kan na ainihin. Yana cin ido, amma ba ya ba da mamaki sosai. Na biyun shi ne mai riƙe da mabuɗin ɗakin kayan shaida, wato ɗakin da ake ajiye duk abin da shari'a ta kama har a yanke hukunci. Kowane abu a ciki an ɗaure shi da igiya, an ɗiga jan kaki a kan ƙullin, an danna hatimin kotu. Wanda ya karya hatimin nan ba da umarnin alƙali ba, kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi.

A irin wannan ɗaki na gamu da aikin da ya fi kowane tsaya mini a rai. Ba zan faɗi garin ba. Lokacin Mushe Lawali ya ajiye aiki, ni kaɗai nake fita.

Mai mabuɗin wani dattijo ne, Baba Rabe, planto, wato mai kai saƙo da sharar kotu da buɗe ƙofa. Shekara talatin yana wurin, saura wata takwas ya ajiye aiki ya fara karɓar fansho. Bai iya karatun boko ba. Ya buɗe mini kwaɗo, ya koma gefe ya tsaya da hularsa a hannu. Magatakardan, Metir Sani, bai fi shekara da zuwa ba, ya tsaya daga waje saboda ƙura na tada masa asma.

Na fara daga hagu, yadda na saba. Lamba ta ɗaya, sirdin raƙumi: gara ta bar ƙarafunan. Lamba ta biyar, buhun wake: na soka ƙarfe, gari ya zubo da ƙwari, igiya da hatimi kuwa lafiya lau. Lamba ta tara, moto, wato babur, ba ƙafar gaba, littafi ma ya ce ba ƙafar gaba. Haka na bi har lamba ta goma sha bakwai. Littafi ya ce: hatsi, dami goma sha biyu, irin zango, an kama shi a rikicin gona tsakanin Nomau da Ɗan Jimma. Na duba ranar shigarsa. Shekara shida.

Na ƙirga, goma sha biyu. An jera su a kan itace, ba su taɓa ƙasa ba, ba su jingina da bango ba, an barbaɗa toka da ganyen bedi a kewaye. Da ƙirge kaɗai ne aikin, da na ɗiga jan bik na wuce.

Amma ni ɗan manomi ne daga wajen garin Sarkin Hausa. Zango dogon kai gare shi, wani ya kai tsawon hannun mutum. Wannan gajere ne, irin da furoje, shirin taimakon manoma, ya rarraba, mai saurin nuna. Na murza kai ɗaya a tafin hannu, na tauna. Hatsin bana ne. A rumbu mai kyau hatsi yakan daɗe, amma a ɗakin siminti mai rufin kwano da ke yoyo, maƙwabcin wancan buhun waken, ba hatsin da zai shekara shida yana ƙanshi. Na haska tocila a kan jan kakin, na ɗora gilashi. Ba hatimin kotu ba ne. Bayan ƙwandalar dala ce aka danna.

Na ce, “Baba, wannan hatsin na yaushe ne?”

Ya ce, “Na bana ne, ranka shi daɗe.”

“Na shekara shida fa?”

“Mun canye shi.”

Ban taɓa samun amsa da sauri haka ba. Na nemi wuri na zauna a kan moton nan mai ƙafa ɗaya, na ce ya faɗa mini daga farko, a hankali, don ina rubutawa.

Ya ce damina ta farko ruwa ya shigo, gara ta taso. Ya gaya wa Metir na lokacin, Metir ya ce a jira alƙali. Aka yi wa alƙali canjin wuri. Shari'ar ta tafi ɗaukaka ƙara Maradi, ba ta dawo ba. Da kaka ta zo ya duba dami uku na ƙasa, ya ga in an ƙara wata shida ba abin da zai rage sai kara. Sai ya yanke igiya, ya kwashe tsohon zuwa gidansa, ya kawo sabo daga gonarsa dami goma sha biyu, ya ɗaure, ya narka kakin da kyandir. Hatimi yana cikin akwatin Metir, shi kuwa abin da ke aljihunsa dala ce. Tun daga nan kowace kaka haka yake yi. Iyalinsa su ci tsoho mai ɗan wari, kotu ta riƙe sabo.

“Kowace kaka?”

“Ban da shekarar yunwar nan.”

Ban tambaye shi wace ba. Duk wanda ya yi ta a ƙasar nan ya san ta. Ruwa ya ɗauke hatsi na tsaka da fitar da kai. Mu ma a biro, ofishinmu, ba mu fita zagaye ba shekarar, babu isansi na zuba wa mota, kuma ba wanda ke da fuskar zuwa ƙirga bancin mutane. Mata suna fita tun asuba neman anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita.

Ya ce gonarsa duka dami tara ta ba shi, da mutum goma sha ɗaya a gida. Ba shi da sabon da zai kawo, don haka bai taɓa na kotu ba. Yakan fito da shi rana ran Lahadi, in ba kowa, ya kakkaɓe, ya mayar. Mabuɗin yana aljihunsa har damina ta zagayo.

“Uwar ɗiyana ta yi wata biyu ba ta yi mini magana ba,” in ji shi. “Ta ce mu da gara, gara na zaɓa.”

Irin zangonsa kuwa a tukunya ya ƙare. Da shuka ta zo sai abin da furoje ya bayar. Tun daga nan kan hatsin kotu ya gajarce.

Sai ya ce, “Ansifekta, an ba ni goma sha biyu. Ka ƙirga?”

Na ce na ƙirga.

Metir Sani ya ja ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Mutumin kirki ne, kuma ya ji komai daga waje. Ya ce, “Mushe, ka san abin da rahoton ga zai yi mishi. Karya hatimi sau biyar. Kora ce, fansho ya tahi, wataƙila har jandarma. Wata takwas fa ya rage. Jibi kasuwa na ci. In aika a nemo zango dami goma sha biyu, in fiddo hatimi na gaske mu danna, kai kuma ka zo ka ƙirga. Wa ya cutu?”

Ni ba mai iya musu ba ne. Na ce masa kawai na riga na gani.

“To ka manta.”

Na ce na riga na rubuta.

Ya ce, “Ku mutanen Maradi ba ku da imani.” Na ce ni ba mutumin Maradi ba ne, can ake biyana dai. Na roƙe shi ya ba ni tsofaffin littattafan ɗakin, duka, da wurin zama na kwana uku.

Ga abin da nake so ku riƙe. In kun ga abin da zai halaka mutum, ba ku da ikon rage shi. Amma ba wanda ya hana ku ci gaba da dubawa. Rabin gaskiya ya fi ƙarya cutarwa a rahoto, kuma ansifekta mai gaggawa rabi yake kaiwa.

Kwana biyu ina bin littattafan nan shafi-shafi da gilashi. A gefen lamba ta goma sha bakwai, a littafin shekarar farko, na sami rubutun fensir da ya kusa gogewa: planto ya ce gara ta shiga, a sanar da alƙali. A littafin shekara ta biyu, da wani hannu daban: planto ya sake magana kan hatsi. Ban sami komai a gabansu ba. Doka ta ba alƙali damar ya ba da umarni a sayar da abin da zai lalace, a ajiye kuɗinsa har shari'a ta ƙare. Na nemi wannan umarni, ko takardar neman sa, a kowane kwali, ban samu ba. Wurinsa na bari fili.

Rana ta uku na sa aka kira masu shari'ar, don su ga kayan da idonsu in ɗauki maganarsu. Ƴaƴan wa da ƙane ne, dukansu sun yi furfura, shekara shida ba sa gaisawa. Suka zo a kan amalanke biyu, ɗaya na bin ɗaya, daga gari guda. Baba Rabe ya buɗe ƙofa.

Nomau ya zaro kai ɗaya ya juya shi. Ya ce, “Wanga ba nawa ba ne. Ni zango na shuka.”

Ɗan Jimma ya matso kusa da ni. “Ka ji ko, Ansifekta? Da bakinshi ya ce ba nashi ba ne. Rubuta.”

“Wa ya ce? Nawa ne!”

“Yanzu ka ce ba naka ba.”

“Hatsin da ke ɗakin ga, ko ja ne ko baƙi, nawa ne. Kai ko ƙaiƙayinshi ba ka da shi, ɓarawon iyaka.”

“Ɓarawon iyaka shi ne wanda ya tsuge gamba da dare ya matsar da ita taki uku.”

Na bari suka ɗan huce, sannan na karanta musu abin da na rubuta, da Hausa: cewa hatsin da aka kama ba shi ne wannan ba, planto ne ya musanya shi da nasa, kuma ina tambayar kowannensu ko ya yarda wannan dami goma sha biyu ya tsaya a madadin wancan, ko yana da ƙara a kan planto. Suka kalli juna, karo na farko. Kowanne ya gane cewa wanda ya ce bai yarda ba kamar ya saki hatsin ne ga ɗan'uwansa. Nomau ya dangwala yatsa. Ɗan Jimma ya dangwala nasa a sama da na Nomau, ya danna da ƙarfi har tawada ta huda takardar.

Da za su fita Nomau ya tsaya gaban Baba Rabe. Ya ce, “Har shekarar yunwar nan yana nan?”

“Yana nan.”

“Ni da ni ne da na ci.”

“Mun sani,” in ji Ɗan Jimma daga bakin ƙofa.

Rahoton shafi huɗu ne. Na rubuta karya hatimi sau biyar, da sunan wanda ya karya, da dalar. Ban sassauta kalma ko ɗaya ba. A shafi guda na jera lamba ta biyar da ta goma sha bakwai: buhun wake, hatimi lafiya, kaya babu, hatsi, hatimi babu, kaya lafiya. Na kwafe rubutun fensir ɗin nan biyu yadda suke. Na haɗa takardar masu shari'a da hudar yatsan Ɗan Jimma. Na rubuta shekarar da ba a musanya ba da dalilinta, layi biyu. A wurin da ake rubuta shawarar ansifekta na ce a nemi umarnin alƙali kan duk abin da ke ruɓewa a ɗakin. Kan Baba Rabe ban ba da shawara ba. Ba nawa ba ne.

Shugaban biro ya karanta a gabana, ya koma farko ya sake karantawa. Ya ce, “Kai dai kullum sai ka kawo mini abin da ba ya cikin littafi.” Ya sa shi a ƙarƙashin wasu takardu. Wata biyu ban ji komai ba, ban kuma tambaya ba.

Da na koma garin a zagaye na gaba, wani matashi ne ya buɗe mini ɗakin kayan shaida. An karɓe mabuɗin daga hannun Baba Rabe, an mayar da shi gadin ƙofar waje. Hatsin ma babu. Alƙali ya ba da umarni an sayar, an ajiye kuɗin, shari'ar kuwa tana Maradi har lokacin. Buhun waken da sirdin an share su da tsintsiya. Metir Sani ya gaishe ni, amma bai yi mini tayin shayi ba.

Na sami Baba Rabe a kan banci a inuwar ƙofa. Muka gaisa, na tambayi iyali. Ya zaro wata takarda daga cikin hularsa, an ninke ta huɗu, gefenta ya yi laushi da gumi. Ya ce mutum uku sun karanta masa, kowanne da abin da ya faɗa, yana so ya ji daga bakin wanda ya jawo ta.

Na karanta, na mayar masa da Hausa. Takardar gargaɗi ce, ta farko a shekara talatin. An same shi da laifin karya hatimin kotu ba da izini ba. Za ta zauna a cikin takardunsa na aiki. An karɓe mabuɗi. Ba a kore shi ba, ranar ajiye aikinsa tana nan yadda take, haka ma fanshonsa.

Ya saurara har ƙarshe. Sai ya nuna takardar da yatsa.

“Dami nawa sunka ce an tarar?”

Na duba. Na ce ba su faɗa ba, wannan takardar ta laifi ce kawai.

“A taka fa?”

“Goma sha biyu, Baba.”

“Ka rubuta haka?”

“Da lamba da kuma haruffa.”

Ya ninke takardar yadda take, ya mayar cikin hula, ya ɗora hular a kai. Wata mota ta tsaya tana neman shiga, ya tashi ya buɗe mata ƙofa.